Farar Akuyar Inna

A shekarun da kananzir ya yi wuya, fitila ɗaya ce a gidanmu, fitilar ƙwai mai tsagaggen gilashi da muka ɗaure da waya. Gidan yana cikin gonaki ne, tafiyar da ba ta cika sa'a guda ba a ƙasa daga Zakirai. Gero da dawa suna zuwa har gindin katanga, in damina ta yi nisa ka fito zaure sai ka ga kara ya fi ka tsawo ta ko'ina. Idan wata yana sama ba mu da damuwa, mata har tsince wake suke yi a tsakar gida. Amma in ya shiga kwanakinsa na ƙarshe, ko hadari ya rufe taurari, duhun wajenmu irin wanda mutum zai ɗaga hannunsa ya neme shi ya rasa ne.

A da mai tebur yakan auna maka kananzir a kwalba ba tare da dogon zance ba. Sai muka wayi gari ya ɓace. Ka je Zakirai ranar kasuwa ka bi layi tun hantsi, kafin a zo kanka a ce ya ƙare. In an dace ka samu kwalba ɗaya, mai ɗakina takan ɗaura wa kwalbar zare a ciki, kullum ta ɗan saukar da shi, don ta san iyakar abin da za a zuba a daren. A kunna fitila a tuƙa tuwo, a ci, a kashe. Yaranmu a lokacin ƙanana ne, da sun ci sai barci.

Inna, mahaifiyata, tana da dundumi. Da rana tana ganin komai, ita ce ma take zura wa mai ɗakina zare a allura. Amma rana tana faɗuwa idon yake rufewa. Ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya ce ta riƙa cin zogale da manja da hanta. Inna ta ce masa zogale yana nan a bayan ɗaki, hanta kuwa sai ya rubuta mata takardar da za ta kai wa mahauci. Ya yi dariya, ita ma ta yi, aka bar maganar a nan.

Ɗakinta yana gabas, kusa da zaure. Makewayi kuma yana can kusurwar yamma, bayan rumbuna. A tsakaninsu akwai turakun awaki da turmi da murhu da randa. Sau biyu take ratsa wannan fili cikin duhu, bayan isha'i da kuma kafin asuba in za ta yi alwala. Ba ta ɗaukar fitila, ba ta kuma yarda a raka ta. Shekara da shekaru tana yin haka ba ta taɓa faɗuwa ba, har muka daina tunanin abin.

Da bazarar wannan shekara, lokacin kai taki gona, na wuni a wurin awaki. Na tumɓuke turakun, na kankare takin da ya taru tun kaka, na yi ta loda wa jaki a mangala ina kaiwa. Da yamma na sake kafa turakun, na ɗaure awakin yadda hannuna ya kai, na yi wanka na kwanta a gajiye. Da asuba mai ɗakina ta fito hura wuta, ta tarar da Inna a zaune a ƙasa, buta a kife gefenta, ta riƙe wuyan hannunta. Ta yi tuntuɓe da turke ne ta faɗi. Ba ta kira kowa ba, wai kada ta tashi yara. Mai ɗori ya duba ya ce targaɗe ne, ƙashi bai taɓu ba.

Labari ya kai Kano wurin yayana, wanda yake sayar da yadi a can. Shi ne ɗan farin Inna, saboda haka tsakaninsu akwai kunyar nan ta ɗan fari. Ba ta faɗar sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta kuma yin musu da shi. In za ta ambace shi sai ta ce mutumin birni. Ya zo ranar Juma'a da burodi da man zafi. Ya zagaya gidan yana duba turakun da ramukan da kaji suka tona, sannan ya kira ni zaure. Ya ce ya yi shawara, da an yanke dawa zai zo ya tafi da Inna. Yana da ɗaki a gidansa mai ƙwan lantarki, makewayin siminti kuma taku uku ne daga ƙofa. Ya ce wannan karon hannu ne, wani karon ba a san me zai zama ba. Na ce to. Ni ƙani ne, kuma abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne. Don yana son ta ya faɗa.

Ya je ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaya mata. Ta juya fuska wajen bango ta ce Allah ya kai mu. Sai da ƙarar motar da ya shiga ta ɓace sannan ta kira ni.

"Kai, zo nan. Ka ji abin da mutumin birni ya ce?"

"Na ji, Inna."

"Ni a gidan nan aka kawo ni da lulluɓi. Cibiyoyinku duk suna bayan ɗakin nan, ubanku kuma yana kwance bayan kukar can. Ba zan iya gaya masa ba, kai ma ba za ka iya ba. Sai ka san yadda za ka yi kafin a yanke dawa."

Daga ranar na ɗauki abin a kaina. In dai Yaya zai zo ya ga da idonsa cewa Inna tana ratsa tsakar gida da dare lafiya, wataƙila ya bar ta. In bai gani ba, ta tafi ke nan.

Dabarata ta farko daga Kano na kwaso ta. Na taɓa ganin fitilun titi a can, kowacce a saman dogon ƙarfe, sai na ɗauka sirrin haske shi ne tsawo. Na samo doguwar gora na kafa a tsakiyar gida, na ɗaura wa fitilarmu igiya na ja ta sama kamar tuta. Da na tsaya a ƙasa na duba, hasken duk ya tsallake katanga ya tafi gonaki. A gindin gorar kuwa, inda ake bukatarsa, inuwar tankin fitilar ce ta zauna baƙi ƙirin.

Akwai kuma abin da ban tuna ba. A wajenmu, in aka hango fitila a waje bayan isha'i, ma'anarta ɗaya ce: wani ya kasa kaya. Ko mai shayi, ko mai tsire, ko mai tebur. Ba wanda yake ƙona mai a banza a wannan zamanin. Daren farko muna zaune sai ga sallama a zaure, wani mutum daga unguwar da ke bayan rafi yana son ashana. Na ce ba na sayarwa, ya tsaya yana kallon sama yana kallona. Bai daɗe da tafiya ba wani ya zo neman goro. Dare na biyu sai ga taubashina, ɗan kawuna, wanda gona ɗaya ce ta raba gidajenmu. Ya yi sallama da murya irin ta baƙo, ya zauna a dakali ya gyara riga.

"Alhaji mai lantarki, a ba ni tsire. A sa yaji da yawa, a cire kitse."

Na ce masa naman taubasai muke gasawa, in ya shirya ya kwanta. Ya ce ai shi ya zo ne ya yi rajista, ya ji an ce za a ja layi daga gorar zuwa gidansa. Wannan suna na mai lantarki ya bi ni har masallaci, kuma har yau akwai tsofaffin da ba su kirana da wani.

Dare na uku aka yi ruwan farko da yamma. Shinge ya fito daga suri, ƙwarin nan masu fiffike, suka yi wa fitilar rubdugu suna zubowa ƙasa. Mai ɗakina ta ji daɗin wannan, ta ajiye kwano da ruwa a gindin gora, washegari aka soya aka ci da gishiri. Amma inda ƙwari suka zuba kwaɗi suna nan tafe. Inna ta fito da butarta, ta taka wani ƙato mai sanyi, ta koma ɗaki ta zauna. Da safe ta ce mini a da duhu kaɗai take fama da shi, yanzu na ƙara mata jama'a.

Zaren kwalba kuwa a dare uku ya sauka inda ya kamata ya kai a kwana goma. Daren na huɗu mai ɗakina ta kawo mini tuwo a cikin duhu, na laluba na tsoma hannu a ruwan wanke hannu a zaton miya ce. Na tambaye ta ina fitila. Ta ce tana inda na kai ta, in ina son ganin tuwona sai in hau. A daren na sauke ta, da safe na cire gorar na mayar da ita jikin rumfa.

Daga nan na bar kananzir. Mai ɗakina tana yin ƙuli-ƙuli, kuma kullum akwai guntun mai da yake kwantawa a gindin kwano, mai dauɗa, wanda ba ya sayuwa. Na huda gwangwanin madara na yi aci-balbal, na murza tsumma na yi lagwani, na ɗora a kan turmi a kife. Yana ci da kyau in iska ta kwanta. To iskar damina ba ta shawara da kowa, ko ƙaramar ta taso sai ta hure shi. Na gwada 'ya'yan binidazugu na jikin shingen gona, na ɓare su na jera a tsinke kamar tsire. Suna kamawa da haske sosai, amma Inna ta ce kafin ta lalubo takalminta sun cinye, sai hayaƙi. Na koma kan aci-balbal, na kare shi da fasasshiyar tukunya. Wata safiya na fito na ga gwangwanin a kife, babu lagwani. Na bi sawun mai a ƙasa har gindin rumbun gero, na tarar da shi a can, bakinsa a ƙone. Ɓera ne ya ja shi saboda ƙanshin gyaɗa. Allah ya sa wutar ta mutu a hanya. Na daɗe a tsugune a wurin ina kallon jinkar rumbun, ban gaya wa kowa ba sai bayan kwana biyu.

Kafin nan gero ya fitar da kai. Yaya ya aiko direban motar kasuwa ya gaya mini an shafe ɗakin da fenti, an sa sabon labule. Inna ba ta sake yi mini maganar ba, amma na lura ta rage shan ruwa da yamma don kada ta bukaci fita. Wannan ya fi komai damuna.

A shekarar ne na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a makarantar firamare ta kusa da mu. Da rani bayan la'asar muke zama, amma da aikin gona ya kankama sai aka mayar da shi bayan magariba, sau biyu a mako. Fitila ɗaya ce, malam yakan rataye ta a ƙusa kusa da allo. Ni a baya nake zama, don karatuna a hankali yake tafiya, kuma ban cika son a kira ni ba. Wani dare man fitilar ya yi ƙasa, malam ya rage lagwani har ya zama kamar ƙwayar dawa. Na duba ban ga fuskar malam ba, ban ga na kusa da ni ba, littafin da ke cinyata ma sai dai in shafa. Amma rubutun da ke kan allo yana nan tsaye, kowane harafi a fili. Na ƙura masa ido na daɗe. Malam ya ga haka ya ɗauka yau karatu ya shige ni, ya ce in tashi in karanta layin farko. Na tashi na yi ta tuntuɓe. Ya ce to me nake kallo tun ɗazu. Na ce allin nake kallo, ba rubutun ba. Aji ya kwashe da dariya. Malam mutum ne mai haƙuri, da na yi masa bayani sai ya ce haka abin yake, fari yana mayar da ɗan hasken da ya samu, baƙi kuwa shanye shi yake yi.

Da safe na je gaishe da Inna, tana zaune a bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa. Na yi mata tambayar da ya kamata in yi tun ranar da ta faɗi. Wata uku ina ta kafa gora ina huda gwangwani, ban taɓa tambayarta abin da take gani da dare ba. Ta ce ba ta ganin komai. Sannan ta ce sai dai akuyar.

"Wace akuya, Inna?"

"Farar mana. Shekara nawa ina bin ta. In na fito na hango farinta sai in nufe ta. In na dafa bayanta in karya dama, taku goma sha biyu ga rumbu, in dafa shi in zagaya. Kafin ita uwarta nake bi."

"To ranar da kika faɗi fa?"

"Ranar wani mai hankali ya ɗaure ta a wani turken. Na bi ta kamar kullum, na karya dama kamar kullum."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta ta ce na wuni ina ɗaukar taki, ga mutumin birni ya zo da fuska a ɗaure, in ta faɗa a kan wa zai sauke. Ta ƙara da cewa tun ranar akuyar ba ta koma wurinta ba, kullum sai inda aka ga dama, shi ya sa ta daina yarda da ita.

Kafin in yi komai sai da na je na kwance farar akuyar na mayar da ita turkenta na asali, na gaya wa mai ɗakina ko gobara ake yi kada a canja mata wuri. Ranar kasuwa na sayo farar ƙasa wurin matan da suke kasa ta don masu shafen ɗaki. Na jiƙa ta tun dare da ƙaro, don ta kama jiki kada ruwa ɗaya ya wanke ta. Ƙasarmu yashi ce, dutse sai an nema, saboda haka na bi gidajen maƙwabta na tattaro fasassun tukwane da tuluna. Na kife su na binne rabi, a jere, daga ƙofar Inna zuwa wurin akuya, daga nan zuwa rumbu, daga rumbu zuwa makewayi, na shafe bayan kowanne. Na shafe kawunan turaku duka. Na yi wa rumbun ɗamara fara daidai ƙugu, na zagaye ƙofar makewayi, har turmi sai da ya samu rabonsa.

Sannan na koma kan wutar. Na haƙa alkuki, ɗan ramin ajiye fitila, a bangon ɗakin Inna ta waje, ɓangaren da ke kallon yamma, tunda iska da ruwa daga gabas suke zuwa. Ban yi shi sama ba, daidai gwiwa na yi shi, mai zurfi, na shafe cikinsa fari fat. Na sa gwangwanin a ciki da lagwani siriri kamar zare, na toshe bakin da wayar tsohuwar rariya saboda ɓera. Wutar ba ta fi ƙwayar wake ba. Amma da ta bugi farin bangon alkukin sai ta fito ta kwanta a ƙasa, ta bi tukwanen nan ɗaya bayan ɗaya har rumbu. In sama ta yi garau da taurari ma ba ma kunnawa.

Taubashina ya leƙo da rana ya ga gidan, ya tsaya a ƙofar zaure ya ƙame ya sara mini. Ya tambaya yaushe gwamna zai iso, don shi bai taɓa ganin an shafe duwatsun hanya ba sai in babban baƙo zai zo. Na ce masa gwamnan tana ɗaki tana jan carbi. Inna ta jiyo mu, ta ce a gaya wa ɗan ƙaninta in ya gama faretin akwai ragowar ɗumame.

Daren farko ni da mai ɗakina muka laɓe a bakin ƙofarmu. Inna ta fito, ta tsaya, ta duba ƙasa ta daɗe. Sannan ta kama hanya a hankali, ta dafa akuya, ta karya dama. Da ta dawo ta tsaya daidai ɗakinmu ta ce tana jin numfashinmu, mu koma mu kwanta.

Ba a rasa 'yan matsaloli ba. Duk ruwan da aka yi mai ƙarfi sai na sake shafe tukwanen, har ya zama aikina na safiyar Juma'a. Wata rana kuma na shafe rumbu da yamma, baƙar akuyarmu ta kwance ta je ta yi ta goga jiki a ɗanyen farin. Da asuba Inna ta fito ta tsaya cak, ta kira ni. Ta ce yau farare biyu take gani, ɗaya a wurinta, ɗaya kuma can wajen randa, in zo in gaya mata wacce ce ta gaskiya. Da gari ya waye na wanke akuyar da ruwa da soso tana ta kuka, mai ɗakina tana dariya har da riƙe ciki.

Aka yanke gero, aka cire gyaɗa, aka yanke dawa. Yaya ya iso wata yamma a ƙarshen wata, da babbar jaka babu komai a ciki, ta kayan Inna. Ya ce zai kwana, da safe su kama hanya. Ya ga fararen tukwanen ya tambaya, na ce ɗan gyara ne. Bai ƙara bi ta kai ba. Inna ta amsa gaisuwarsa daga cikin ɗaki, ta aiko masa da fura.

Bayan isha'i muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida muka ci tuwo. Da aka gama mai ɗakina ta ɗauke fitilar ƙwai ta kashe kamar kullum, ya rage sai 'yar wutar alkuki. Muna cikin hirar farashin taki sai na ji motsin buta. Inna ta fito. Yaya ya miƙe da sauri, ya zaro tocila daga aljihu ya haska mata, hasken ya sauka a fuskarta. Ta tsaya, ta kare ido da hannu. Ba ta juya wajensa ba, ni ta yi wa magana.

"Kai, gaya wa baƙonka ya kashe wannan abin. Ya ɗauke mini hanya."

Yaya ya kashe. Duhu ya rufe mu gaba ɗaya, na ji yana shirin yin magana, na ce ya ɗan dakata. A hankali ido ya dawo, tukwanen suka fara fitowa ɗaya ɗaya, sai kawunan turaku, sai ɗamarar rumbu, sai akuyar tana kwance tana tuƙa. Inna ta sauke hannu ta kama hanya, ba sanda, ba lalube. Ta dafa bayan akuya, ta karya dama, ta shige bayan rumbu. Yaya bai zauna ba har ta fito. A hanyar dawowa ta tsaya a tsakiya, ta sa ƙafa ta ture wani abu gefe, ta ce, ba da kowa ba, wani ya bar takalminsa a kan hanya. Baƙin takalmin Yaya ne, ya cire shi a kan ɗaya daga cikin tukwanen. Ta shige ɗaki ta saki asabari.

Yaya ya zauna. Can ya tashi ya je ya tsuguna gaban alkukin, ya leƙa ciki, ya taɓa wayar, ya tambaye ni me yake sha. Na ce dauɗar man ƙuli-ƙuli. Ya dawo tabarma ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya ce in ba ni labari, unguwarsu ba su ga wuta ba tun farkon damina. Taransifoma ta ƙone, an yi ta zuwa ana dawowa ba a gyara ba. Ƙwan da ke ɗakin da ya shirya wa Inna ko sau ɗaya bai kama ba. Matarsa kuma sau biyu tana zurma ƙafa a kwatar tsakar gida. Na ce Allah ya kyauta. Na gode wa duhun da ya rufe mini fuska a lokacin.

Da safe bayan ya sha koko ya je ya durƙusa a ƙofar Inna. Ya ce ya sake tunani, sanyi yana tafe, kuma ɗakin siminti ba ya riƙe ɗumi kamar na ƙasa, yana ganin a bar tafiyar tukuna. Inna ta juya fuska wajen bango ta ce Allah ya kai mu, daidai yadda ta faɗa da bazara. Shi ke nan maganar da aka yi, kuma ba a sake tayar da ita ba, ko a wannan shekara ko a bayanta.

Jakar da ya zo da ita ba ta koma haka ba. Mai ɗakina ta zuba masa wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Muna zaure zai fita sai ya rage murya ya tambaye ni ko akwai ragowar farar ƙasar. Na kawo masa dunƙule biyu da ƙullin ƙaro. Ina ɗaure bakin jakar Inna ta kira ni ɗaki. Ta ba ni daddawa da garin kuka a ƙulle a ce a ƙara masa, sannan ta ce in gaya masa ya jiƙa ƙasar tun dare, kada ya yi mata gaggawar nan tasa. Na fita na gaya masa, ya ce ya ji.

Inna ta zauna a ɗakinta shekaru da dama bayan wannan. Da farar akuyar ta tsufa, taubashina ne ya kawo wata 'yar fara daga garkensa, ya ce gudummawarsa ce ga kamfanin lantarki. Aka ɗaure ta a turke ɗaya da tsohuwar har ta saba da wurin. A ɗakin nan Allah ya karɓi ran Inna, da rana tsaka, bayan ta yi azahar. Tukwanen sun nutse cikin ƙasa tun tuni, sai in an yi ruwa mai ƙarfi bayan ɗaya ko biyu yake fitowa. Alkukin yana nan da baƙin hayaƙi a samansa. Wayar ta ruɓe ta faɗi, yanzu wata kazar mai ɗakina ce take shiga tana yin ƙwai a ciki.